Kano zuwa Tiga ta hanyar Rano a kan babur: wa zai bi mu zagaye na gaba?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar da ta wuce ni da abokaina biyu muka yi wata tafiya da na daɗe ina ƙudurta a raina, kuma tun da na dawo abin bai sake ni ba, shi ya sa na ce bari in kawo muku. A kan babur muka fita, kowa da nasa: ni da Boxer, ɗaya da Haojue, ɗayan kuma da tsohuwar Jincheng ta yayansa. Ba biki muka je ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba cin kasuwa ba. Ƙasa kawai muka je gani.

A Na'ibawa muka haɗu bayan sallar asuba, muka sha shayi, muka hau titin Zariya gari bai gama wayewa ba. Muna haye gadar Tamburawa sanyin kogi ya buge mu, irin sanyin da ke shiga ta hannun riga. Da muka isa Karfi sai muka saki babban titi muka yi hagu, hanyar Bunkure. Daga nan tafiyar ta fara daɗi, domin babu tirela a bayanka, babu mai danna maka oda.

Yanzu kaka ce. An riga an girbe gero an ɗaure dammuna, dawa kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. A wata gona kusa da Bunkure muka tsaya wajen masu bugun shinkafa. Sun shimfiɗa tamfol, sun kwantar da tsohon duro a tsakiya, samari huɗu sun kewaye shi. Kowa ya ɗauko dunƙulen shinkafa ya ɗaga sama ya maka a jikin duron, sau uku ko huɗu, sai ka ga tsaba tana tsalle kamar yayyafi, ya jefar da karan a bayansa ya ɗauko wani. Can gefe mata biyu suna sheƙa, iska tana kwashe ƙaiƙayi tana watsa mana a fuska. Shekara nawa ina cin shinkafar Kura da Bunkure, ban taɓa tsayawa na ga yadda take barin kara ba sai ranar.

Wajen ƙarfe tara muka shiga Rano. Tun daga nesa duwatsu suke yi maka maraba. Amma duwatsun da suka fi tsaya mini a rai su ne na Rurum, tsakanin Rano da Tiga: wani a kan wani, kamar da hannu aka ɗora su, ga kuka ta fito ta tsakankaninsu, ga awaki a can ƙololuwa inda mutum ba zai iya hawa ba. Muka kashe injin muka zauna. Babu abin da kake ji sai kukan kurciya da sarar gatari daga nesa.

Kafin azahar muna Tiga. Duk wanda bai taɓa zuwa ba, ruwa ne iya ganinka, masunta a cikin kwalekwale sun zama kamar ɗigon tawada. Muka yi salla, muka ci soyayyen kifi da yaji, muka huta a inuwa har rana ta yi sanyi. Dawowa muka biyo ta Bagauda muka faɗa titin Zariya, muka ratsa Kadawa da Kura, muka tsaya Karfi muka sayi gasasshiyar masara ta tsaraba. La'asar sakaliya muna gida. Mitar babur ɗina ta nuna kilomita 150 da 'yan kai, man da na sha bai kai lita biyar ba.

Muna so mu sake nan da mako uku. Wa zai bi mu?

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ina ganin girmanka, amma gaskiya ba ta ɓuya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa lissafin lita yake yi, wasu sun jingine mota sun koma hawa ɗan sahu. A ce magidanci ya rufe shago ranar Asabar guda, ya ƙona mai, don ya je kallon dutse? Kuɗin nan da ka auno wa yara kwanon shinkafa da shi ai ya fi.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Maganarka tana kan hanya, kuma ban bar gida babu cefane ba. Sai dai ni haifaffen cikin birni ne, shekarata arba'in da biyu, na je Legas, na je Abuja, amma ban taɓa taka Rano ba sai ranar Asabar. Wannan ne ya dame ni. 'Yata ta dawo daga makaranta tana karanto mini Hausa Bakwai, ta tambaye ni yaya Rano take, na rasa abin da zan ce mata, alhali ba ta kai tafiyar awa biyu daga ƙofar gidana ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ba kuɗin mai ne damuwata ba, titin Zariya ne. Ƙanina a kan babur ya samu karaya biyu, wata babbar mota ce ta matse shi ya faɗa gefen kwalta, wata shida yana kwance. Don Allah duk wanda zai bi ku ya sa hular kwano, ba hular zanna ba. Ku tuna akwai masu jiran ku a gida.

Oga Makanike:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Bari in ƙara da abin da na sani na sana'ata, domin rabin babura da ake turo mini daga irin wannan tafiya sakaci ne ba ƙaddara kaɗai ba.

Kada ka kai babur gareji a daren tafiya. Ka kai shi kwana biyu kafin, don idan an taɓa wani abu bai zauna ba ka gane tun kana cikin gari. A yi juyen baƙin mai, a duba birkin gaba da na baya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai. Tayar da ta suɗe a canza ta, kada a ce za ta kai. Ka riƙe fulogi guda sabo a aljihu, da sifana, da ƙaramin famfon iska, da wayar kuloci idan taka ta fara tsufa. Ka cika tanki a gidan mai tun daga Kano. Na bumburutu a ƙauye yana fitar da mutum kunya idan ya ƙure, amma ba kowane ne mai tsabta ba, wani ya daɗe a galan ya kwashi datti, shi ne za ka ji babur yana shaƙewa a kan hawa. Kuma ƙaramin inji ba a yi masa gudun awa biyu babu tsayawa. Duk bayan kamar minti arba'in a tsaya a bar shi ya sha iska.

Takardu da lamba su cika, kada a ɓata wa mutane lokaci a shinge.

Ɗalibi:
Yaya Baban Ummi ina so in bi ku amma ba ni da babur. Wani zai iya goya ni?

Oga Makanike:
Ƙanina, tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, kuma goyo a cikin gari yana jawo tsayarwa da dogon bayani. Ko ba don haka ba, kilomita 150 da mutum biyu a kan Boxer wahala ce ga inji da ƙugu. Ka nemi aro, ko ka hau mota zuwa Rano ka jira su a can.

Ɗan Rano:
Na karanta duka tun ɗazu ina ta juya maganar kafin in sa baki. Na ji daɗi da aka yabi garinmu. Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka fi sani da baba da rini tun zamanin da, kuma har yau Autan Bawo ake yi wa sarkinmu kirari da shi. Duk wanda ya zo muna murna.

Amma akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, gara in faɗa tun kafin ku taru ku yi yawa. Bara da kaka wasu samari daga birni suka zo ƙauyen kakannina, babura sun kai goma, an cire wa wasu salansa, fuskoki a rufe da hula da ƙyalle. Babu sallama babu komai suka ratsa tsakiyar gari da gudu. Kun san halin da ƙasa take ciki, kun san da me ɓarayin daji suke shiga ƙauyuka. Mata suka kwashi yara suka shige ɗaka, wata tsohuwa garin gudu ta faɗi ta gurɗe ƙafa, maza suka fito da abin da ke hannunsu. Allah ne ya kiyaye ba a yi ɓarna ba. Daga baya aka gane wai hoto suka zo ɗauka a kan dutse. Da za su fita kuma suka bi ta kan shanyar barkonon wata baiwar Allah suka tattake.

Ku a wurinku shaƙatawa ce. Mu a wurinmu gida ne. Dutsen nan da kuke hawa, a gindinsa akwai gonar wani, a bayansa akwai maƙabarta. Matan da kuke gani suna sussuka matan aure ne, ba kayan hoto ba ne da za a ɗora a Facebook ana rubuta "rayuwar karkara". In za ku zo, ku zo kamar baƙi.

Baban Ummi:
Ɗan Rano, wallahi ka taɓo inda ban faɗa ba, kuma gara da ka taɓo. Abin da ka kwatanta ya kusa faruwa da mu, mu uku kacal.

Bayan mun bar Rurum tayata ta baya ta yi faci, ƙaya ce ta shige ta. Muka turo babur zuwa wani ɗan ƙauye da ke gefen hanya, dukkanmu da hular kwano a ka. Yaran da ke wasa a bakin rijiya suna hango mu suka watse. Wani dattijo yana zaune a gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya daina, ya zuba mana ido, hannunsa ɗaya a kan sandarsa. Nan take jikina ya ba ni mun yi kuskure. Na tsaya tun daga nesa, na cire hular, na tuɓe takalmi, na ƙarasa na durƙusa na ce, "Salamu alaikum Baba, barka da hutawa." Ya amsa, amma bai saki fuska ba sai da ya tambaye ni daga ina, ɗan wace unguwa, me ya kawo mu. Da na ce ƙasa muka zo gani, ya yi shiru, ya ce, "To, ai ga ta nan."

Daga nan komai ya canza. Ya ƙwala wa jikansa kira ya ce ya je ya taso mai faci daga gona. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha, ruwan randa mai sanyi da ƙanshin ƙasa, aka biyo da fura. Mai facin ya zo da kayan aikinsa a cikin buhu, ya zare tayar, ya hura, ya tsoma a ruwa yana juyawa har kumfa ta nuna masa wurin. Muka yi kusan awa guda a wurin. Baba ya nuna mini wani gawo a tsakiyar gonarsa, ya ce in duba, yanzu ne yake fitar da sabon ganye, alhali sauran itatuwa suna shirin zubar da nasu. Da damina tsirara yake tsayawa, shi ya sa ba ya hana shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina tsayi. Na duba, haka ne. Ya ce ubansa ya hana a sare shi, shi ma ya hana 'ya'yansa.

Da za mu tafi na miƙa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa, ya ce in ba mai faci haƙƙinsa kawai. A duk tafiyar nan, har da ruwan Tiga, babu abin da ya kai wannan awa guda a wurina. Kuma da a mota muke da gilashi a rufe, da mun wuce ƙauyen ba mu san da shi ba.

Kawu Direba:
Yaro ka yi hankali da ka cire hula. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota, Kano zuwa Jos, Kano zuwa Maiduguri. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Duk garin da za ku tsaya ku fara neman mai unguwa ko limami, ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Kada ku wuce babur biyar. Idan kun ga shanu suna tsallaka titi ku tsaya cak ku bar su su gama, kada ku yi oda, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa. Kuma magariba ta same ku a gida, domin da duhu amalanken shanu ba shi da fitila, ga ƙwari suna shiga ido.

Ɗalibi:
Kawu, tunda an kai Tiga me zai hana a zarce dajin Falgore? An ce akwai kyau sosai wajen Doguwa da Riruwai.

Kawu Direba:
Akwai kyau, na ratsa shi ba adadi a hanyar Jos. Amma ba wurin da za a shiga da ƙananan babura don yawon buɗe ido ba ne, kuma nisan ya wuce na wuni ɗaya. A bar wannan.

Bahaɗeje:
Salamu alaikum. Ni daga Jigawa nake bin zancen. Baban Ummi, ka ce ruwan Tiga iya ganinka, ka ci kifi ka huta. Madalla. Ina so ka san inda ruwan nan yake zuwa bayan ya bar idonka.

An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano. A 1992 aka ƙara na Challawa a Ƙaraye. Kogunan nan biyu su ne suke haɗuwa su wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil, su ratsa Ringim, su iso mana Haɗeja, su wuce Nguru da Gashuwa. Kafin a tare su, iyayenmu sun san lokacin kogi kamar yadda suka san lokacin salla. Da damina ya cika ya malala cikin fadamu, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da rani ya janye, a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rafi, makiyaya su sauko da dabbobi. Ƙasa ɗaya tana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Da aka tare ruwan sai malalar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, hanyoyin ruwa ba sa bushewa. Abin da kacala take so ke nan. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta cinye gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsaye jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Inda ake son ruwa ba ya zuwa, inda ba a so ya kwanta. Sannan shekarar da aka yi ruwa da yawa, kamar 2022, mu ne muke kwana a kan jinga muna cika buhuna da ƙasa. Gonar mahaifina a yankin Auyo, rabinta kacala ce yau.

Ban ce kada ku je ku ji daɗi ba. Amma in ana yabon Tiga a riƙa tunawa da mu na ƙasa.

Manomin Kura:
Malam Bahaɗeje, Allah ya mayar muku da alheri, ba wanda zai ji wannan ya ji daɗi. Amma kada a mayar da Tiga abin zargi. Kakana ya ba ni labari, kafin ruwan nan ya zo, ana gama girbi maza suke ɗaure kaya su tafi cin rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata. Yau a Kura da Garun Malam da Bunkure babu watan da ba a aiki. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da tumatir da albasa da masara. Ka zo Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka ga kwandunan tumatir da motocin da ke lodi zuwa Kudu. Ka shiga cikin Kura ka ga mata nawa ne ke cin abinci da turara shinkafa, injinan casa nawa ne ke aiki. Masarar da Baban Ummi ya saya a Karfi, ba don ruwan nan ba da ba a same ta rani da damina ba. Ruwan famfon da ake sha a birni ma daga kogunan nan ake tace shi a Tamburawa da Challawa.

Mu ma muna da namu kukan. A 2016 tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye tumatir ƙurmus, mutane suka shiga bashi. Ga tsadar taki. Ba a kan gadon zinare muke ba.

Bahaɗeje:
Ban musa ko ɗaya ba, ɗan'uwa. Shinkafarku muna ci. Abin da nake cewa, hukuma ɗaya ce ke kula da kogin tun daga sama har ƙasa, ta Haɗeja-Jama'are, don haka lissafin ma ya zama ɗaya. In za a saki ruwa a sanar da wuri. A riƙa yashe hanyoyin ruwa ana cire kacala a kai a kai, ba sai an yi ambaliya ba. Kai da ke Kura ba ka taɓa ganin gonarmu ba, ni ma sau ɗaya na taɓa ganin Tiga. Shi ya sa kowa yake ganin nasa kaɗai.

Manomin Kura:
Wannan gaskiya ne. Ban taɓa wuce Wudil ta wannan ɓangaren ba.

Kawu Direba:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Kuma ruwa ba abin wasa ba ne ko a nan sama. Ina kan hanya a 1988 lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, na ga abin da ya yi wa gonaki da gidaje da idona. Yaran yanzu suna wucewa ta wurin, makarantar horar da lauyoyi kawai suka sani.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi kyau, a ci gaba da mutunta juna. Na goge saƙo biyu da suka karkata zuwa siyasar masarautu. Ba shi ya tara mu ba.

'Yar Birnin Kudu:
Tunda an shigo Jigawa bari in sa baki. In duwatsu kuke so, ku zo Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse wanda mutanen dauri suka yi tun kafin tarihin da muke karantawa, kuma shanun ba su da tozo irin namu na yanzu. Akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙarfe. Turawa suna zuwa daga nesa su gani, 'yan Kano kuwa suna wucewa ta bakin garin zuwa Bauchi ba su taɓa tsayawa ba. Hanya kuma a miƙe take: Wudil, Kwanar Huguma, sai mu. In da lokaci ku ratsa Dutse ku sayi dabino.

Oga Makanike:
Hajiya wurin ya cancanci zuwa, amma zuwa da dawowa ya haura kilomita 250. A kan ƙaramin babur wannan ba yawo ba ne, aiki ne, kuma za a dawo cikin dare. Sai dai a kwana. In za a bi ta Wudil kuma a guji Juma'a, ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cika hanya.

Alhajin Kwari:
Na dawo na karanta abin da aka rubuta bayan tafiyata. Har yanzu ina nan a kan cewa mai iyali ya yi lissafi kafin ya fita. Amma labarin dattijon nan da gawonsa ya tuna mini mahaifina. Mu asalinmu mutanen Kibiya ne, maƙwabtan Rano, rabona da garin tun rasuwarsa, shekara goma sha ɗaya. Babur ya fi ƙarfin bayana yanzu. In kun sa rana ku faɗa mini, zan biyo ku a mota da ruwan sha da kayan gyara, in sauke Ɗalibi a Rano, ni kuma in ƙarasa in gaida 'yan'uwa.

Ɗalibi:
Na gode Alhaji, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan Baba.

Manomin Kura:
In shawarata za a bi, a ɗaga zuwa ƙarshen Janairu. Lokacin alkama ta yi kore shar daga Kadawa har inda ido ya tsaya, ko'ina kuma ya bushe, sai ka ga kamar an shimfiɗa darduma a tsakiyar rani.

Maman 'Yan Biyu:
Janairu da hazo da sanyin asuba a kan babur? Direban tirela ba ya hango ku sai ya zo dab. Ku yi yanzu da gari yake garau.

Baban Ummi:
Za mu yi duka biyun in Allah ya kai mu, amma na farko nan da mako uku, ranar Asabar. Ga yadda muka tsaya, wanda bai yarda ba ya faɗa tun yanzu. Babur biyar kawai, uku sun cika, saura biyu. Kowa da hular kwano, kuma a cire ta kafin a shiga kowane ƙauye. Babu babur mai fasasshiyar salansa. Ba a ɗaukar kowa hoto sai an tambaye shi, mata kuwa ba a ɗauka sam. Oga Makanike zai duba baburan ranar Alhamis. Haɗuwa a Na'ibawa bayan asuba, juyowa daga Tiga ƙarfe uku.

Ɗan Rano, ko za ka yi mana jagora daga Rano zuwa Rurum? Ina kuma so mu tsaya wurin Baba mai gawo, na yi wa jikansa alkawarin littafi da biro.

Ɗan Rano:
Zan jira ku a bakin tasha ƙarfe takwas da rabi. Zan sanar da kawuna tun ranar Laraba, shi zai gaya wa mai unguwa, don kada kowa ya tsorata. Ku zo da goro da ɗan sukari na gaisuwa. Kada ku ci komai a hanya, gwaggona za ta yi ɗanwake.

Bahaɗeje:
Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na Janairun kuma ina roƙon a juya akalar: ku bi ruwan nan ku gangaro. Ku tsaya gadar Wudil, ku biyo ta Ringim, ku kwana a gidana a Haɗeja, da safe in kai ku gonar mahaifina ku ga kacala da idonku, in lokaci ya bari mu leƙa Baturiya wajen tsuntsaye. Manomin Kura, da kai nake musamman.

Manomin Kura:
In na gama ba alkama ruwa na biyu, zan zo. A sa sunana.